Tambaya da Amsa: Makiyayan Tibet da hanyar zuwa wajensu

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Dukku, ina zuwa Guangzhou saro kaya. Na ga bidiyon wasu makiyaya a Tibet da shanunsu masu dogon gashi, sai suka tuna min rugar kakana. Ana zuwa wajensu da mota? Kuma da gaske rayuwarsu irin ta Fulaninmu ce?

Amsa: Alhaji, ana zuwa, amma ba yadda kake faɗawa tashar Gombe ka hau motar Yola ba. Bizar Sin kaɗai ba ta shigar da baƙo yankin Tibet, sai da takardar izini ta musamman da ɗan jagora daga kamfanin yawon buɗe ido. In ba ka son wannan ɗawainiya, lardin Qinghai ya ishe ka, makiyayan suna nan a kewayen babban tafkinsa.

Hanyar da na bi ita ce ta Xining, babban birnin Qinghai, zuwa Lhasa, babban birnin Tibet, wajen kilomita 1,900, wadda aka buɗe a 1954. Kwalta lafiya lau. Abin tsoro shi ne tudu. Tsaunin da ya fi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Mashigar Tanggula da mota ke ratsawa kuwa mita 5,231. A can, iskar oxygen da ke cikin numfashi ɗaya wajen rabin ta gida ce. Ni da nake cika baki na saba hawan Gembu, a garin Nagchu da ke kan hanyar na yi ruku'u a sallar Azahar, ina ɗagowa na ga duhu, sai da na dafa mota. Ka kwana biyu ko uku a Xining jikinka ya saba. In ciwon kai ya haɗu da amai, ka sauko, ba a yi masa jarumta.

Kamanni kuwa har ya ba ni dariya. Sunansu drokpa. Dabbar da ka gani, namijin ne yak, macen dri ake ce mata, don haka in ka nemi nonon yak kamar ka nemi nonon bijimi ne. Tantinsu baƙi ne, saƙar gashin dabbar. Babu itace a wannan tudu, busasshen kashin shanu ne makamashi, an jera shi a bakin tanti kamar katanga. Wata tsohuwa ta zuba min garin soyayyen sha'ir a akushi, tsampa kenan, ta kwarara shayi mai gishiri da man shanu, ta nuna min in cuɗa da yatsu. Wallahi fura na tuna, ko da yake shayin sai da na rufe ido. Kuma kamar a ruga, kada ka doshi tanti kai tsaye. Ka tsaya nesa ka yi kira, karnukansu ba sa wasa.

Inda aka rabu: su mabiya addinin Buddha ne, kuma ba sa doguwar tafiya irin ta namu masu gangarawa Binuwai da rani. Tsakanin makiyayar bazara da ta hunturu suke kai-kawo. Hatsi ba ya yi a saman tudun, ba gonar da saniya za ta faɗa. Nasu ciwon kan daban ne: tun wajen 2003 gwamnati ke kewaye filayen kiwo da waya, tana tsugunar da makiyayan a jerin gidajen siminti, da sunan ceton ciyawa. Babur ma ya kusa ƙwace aikin doki, wannan kam har a Dukku ka sani.

Batun abinci, 'yan ƙabilar Hui Musulmi ne, suna da gidajen abinci a garuruwan hanyar. Ka yi Juma'a a masallacin Dongguan na Xining, ka yi guzuri a nan, ka sayi rigar sanyi mai kauri ko da a watan Yuli ne.