Tambaya da Amsa: Waya za ta iya gaya mini ciwon motata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Jekadafari nake a Gombe. Na sayi Corolla 'yar Kwatano, alhali ban san komai a kan inji ba. Kwana uku ke nan wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari. An ce akwai na'urar da ake haɗawa da waya ta faɗi matsalar. Gaskiya ne? Kuma don Allah yaya inji yake aiki? In bakanike yana bayani sai dai in riƙa gyaɗa kai.

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, amma mu fara da injin, don lambar da waya za ta nuna maka ba ta da amfani in ba ka san abin da ke ƙarƙashin bonet ba.

Ka ɗauki silinda kamar turmi, fistin kuma taɓarya ce da ke hawa da sauka a cikinsa. Corolla irin taka turame huɗu gare ta. Fistin zai sauka, bawul, wato 'yar ƙofar silinda, ya buɗe, iska da fetur su shigo. Sai bawul ya rufe, fistin ya hau ya matse su matsi mai tsanani. Daidai nan fulogi zai ƙyasta wuta, abin ya kama, ƙarfin ƙunar ya turo fistin ƙasa. Da ya sake hawa sai ya kori hayaƙin ta ɗaya bawul ɗin zuwa salansa. Shaƙa, matsa, ƙuna, fitarwa. Bajamushen nan Nikolaus Otto ne ya daidaita wannan tsari a 1876, kuma har yau a kansa motarka ke tafiya.

To yaya hawa da sauka ke zama juyin taya? Je ka shagon tela ka dubi keken ɗinki na ƙafa. Ƙafarsa sama da ƙasa take yi, amma wilin juyawa yake. Aikin karanshaf ke nan, daga shi sai giya, sai tayoyi. Idan allurar juyin inji ta kai juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana ba da wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Wannan ya sa nake jin zafin ganin mutum yana ja wa baƙin mai rai. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe a wannan gudu, ba abin da ke tsakaninsu sai ɗan siririn mai.

Inji ya fi shan iska a kan fetur, wajen kilo 15 na iska ga kilo ɗaya na mai. Birenbos, wato kwamfutar motar, ita ke auna wannan ta hanyar sensa, wato ƙananan na'urorin awo da ke jikin inji, kuma ita ce ta kunna maka fitilar. A hunturu irin namu, ƙurar hanyar Dukku kaɗai ta isa ta toshe matatar iska, don haka ciro ta ka ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta.

Sai batun waya. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wata kafa mai ramuka 16, OBD-II, galibi a ƙasan sitiyari. Ana soka mata 'yar na'ura irin ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque. Idan ka ga P0301, silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai daidai. Wayar ta nuna maka ɗakin, ba ta ce ga ɓarawon ba: yana iya zama fulogi, ko kwayil mai ba fulogi wuta, ko nozul mai fesa fetur. Kai wa bakanikenka lambar, kada ka goge ta kafin ya gani. In fitilar ta fara ƙyaftawa, rage gudu ka nemi wurin tsayawa. In kuwa jar fitila mai hoton butar mai ce ta kama, kashe injin nan take.

Tambaya: Daga Yalwa a Bauchi. Bakanike ya ce in cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne. In cire?

Amsa: Hajiya, kada ki cire. An ƙera inji ya yi aiki a zafin kusan digiri 90, kuma tamostat ne ke tare ruwa har injin ya ɗumama kafin ya sake shi zuwa lagireto. Babu shi, birenbos zai ga inji da sanyi ya ƙara mai, ki riƙa asara a gidan mai. In motar na zafi, a duba fanka, da famfon ruwa, da ko lagireto ya toshe, musamman in ruwan rijiya ake zuba masa maimakon ruwan sanyaya inji. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo. Kuma ki gargaɗi yaran gida, kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tafasasshen ruwa ne zai feso masa a fuska.