Ruwa a Motar Daji: A Ina Za a Ajiye Shi, Kuma Nawa Ya Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu muna shirin tafiyar kwana huɗu a hanyar da babu kwalta kuma babu tabbacin samun ruwa, a motar da duka tayoyinta huɗu ke ja. Wani ya ba ni shawarar in sa a ƙera mini babban tanki guda a ƙarƙashin motar, wani kuma ya ce in jera jarkoki a saman rufi. Wanne ya fi, kuma lita nawa za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bari mu fara da lissafi, domin shi zai nuna maka inda ruwan zai zauna. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, sun ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar lita 7.5 zuwa 15 a rana don sha da girki da ɗan tsaftace jiki. Idan muka ɗauki lita 10, ku uku a kwana huɗu kuna buƙatar lita 120, sannan a ƙara lita 20 da ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko ta kafe a yashi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato lita 140 nauyin manyan mutane biyu ke nan da za ka ɗora wa motar, ban da mai da tayar safaya da kayan gyara. Duba littafin motarka ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka kafin ka je wurin mai walda.

Shawarar jera jarkoki a saman rufi ita ce wadda ba zan goyi baya ba. Rufin yawancin irin waɗannan motoci ba a yarda ya ɗauki fiye da kilo 75 zuwa 100 ba yayin tafiya, kuma nauyin ƙarfen ɗaukar kayan kansa yana cikin wannan adadi. Ko da rufin ya jure, nauyi a sama yana sa mota tangal-tangal, ta yadda gangaren da za ta bi lafiya da nauyinta a ƙasa sai ya nemi kifar da ita. A bar saman wa tanti da shimfiɗa. Wurin ruwa shi ne ƙasa, kuma tsakanin tayoyin gaba da na baya gwargwadon yadda ya samu.

Ta wannan fuska mai shawarar tanki ya fi kusa da gaskiya, sai dai kalmar "guda" ce matsalarsa. Tankin da ke ƙarƙashin mota yana shan duwatsu da kututture, kuma idan ya tsage ko bakin tiyonsa ya kwance, ruwan zai riƙa zuba a bayanka kana tuƙi ba ka sani ba, sai ka tsaya da yamma ka murɗa famfo ka ji iska kawai. Saboda haka abin da na fi so shi ne a raba: tanki mai lita 80 ko 100 don amfanin yau da kullum, sauran kuma a jarkoki biyu ko uku a cikin motar, a ɗaure su da bel a jikin ƙugiyoyin da ke ƙasan but. Jarkar da ba a ɗaure ba, mai kilo 20 da ɗoriya, idan aka taka birki da ƙarfi kan mutanen da ke gaba za ta nufa.

In za a ƙera tankin, a yi shi da ƙarfe marar tsatsa ko robar da aka yi domin ruwan sha, a sa masa shinge a ciki mai ramuka don kada ruwa ya riƙa tunkuɗar motar gefe da gefe idan ya koma rabi. A nisanta shi da salansa, a sa masa farantin kariya a ƙasa, a kuma ɗaga bututun shan iskarsa sama sosai, domin ta nan ƙura da ruwan rafi ke shiga idan aka ƙetare. Famfon lantarki mai bolt 12 yana da daɗin aiki, amma a tanadi wani kan famfo a ƙasan tankin da ruwa zai fito da kansa ranar da batir ya mutu. Akwai kuma jakar ruwa mai laushi, tamkar salka, wadda ake shimfiɗawa a wurin sa ƙafa na kujerar baya. Tana lanƙwashewa idan ta ƙare, sai dai ƙusa ɗaya ko bakin shebur ya isa ya huda ta, kuma busar da cikinta aiki ne.

Tambaya: Ruwan da nake zubawa a jarka yakan canza ɗanɗano bayan kwana biyu, har nakan ga kore-kore a jikinta. Me ke jawo haka?

Amsa: Hajiya, koren nan gansakuka ce, kuma haske ne ke raya ta, don haka farar jarka mai nuna abin da ke ciki ta fi saurin kamuwa idan ta zauna a rana. A nemi mai duhun launi, a kifa ta a duba gindinta: lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku tana nuna robar HDPE ce, wato irin roba mai ƙwari da ake yin jarkoki da ita, sannan a tabbatar akwai alamar cewa ta abinci ce. Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur ko wani sinadari ba ta komawa ta ruwan sha ko sau nawa aka wanke ta, domin roba tana shanye abin da ya zauna a cikinta. Sau da yawa ma ɗanɗanon daga tiyon ban ruwan lambu da aka cika jarkar da shi yake fitowa. Kafin tafiya a wanke jarkar da ruwa mai ɗan bilic marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, bayan an dawo kuma a zubar da ragowar a bar ta a buɗe ta bushe.

Tambaya: Idan ruwanmu ya ƙare muka tarar da rafi, matacin ruwa kaɗai ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba a kowane hali. Mataci mai ƙofofin mikron 0.2, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, yana tare bakteriya da ƙananan tsutsotsi, amma bairos yana iya wucewa. A fara barin ruwan ya kwanta, a tace, sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko minti uku idan kuna kan tsaunin da ya haura mita 2,000. In babu wuta, a jefa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalinta, a jira minti 30. Ruwan rafin kuma a ware masa jarkarsa daban mai alama, kada a juye shi cikin babban tanki.