Karatun Binciken Kufai Tonon Kabari Ne?

Tambaya: Malam, ɗaliba ce ni a fannin binciken kufai. Tun da na karanta abin da aka yi wa gawar Tutankamun, wani fir'aunan Masar na dā, hankalina bai kwanta ba. Babana ya ce tonon kabari nake karantawa. In bari ne?

Amsa: 'Yata, kada ki bari, amma Baba yana da hujja a kan magabatan fannin. A Nuwamban 1925 Howard Carter, Baturen da ya gano kabarin Tutankamun, da likita Douglas Derry suka tarar danƙon da aka kwarara wa gawar ya manne ta da akwatin zinare. Suka raba gangar jikin biyu, suka cire hannuwa da ƙafafu, suka ɓanɓare kan daga abin rufe fuska na zinare da wuƙaƙe masu zafi. Tun a shekarun 1830 ma, wani likita mai suna Thomas Pettigrew tikiti yake sayarwa a Landan a zo a kalle shi yana warware likkafanin gawawwakin Misirawan dā. Wannan cin mutunci ne, ko da sunan ilimi aka yi shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da nake ji kullum daga bakin mutanenmu: "Ai arna ne, gawarsu ba ta da hurumi." Wa ya ce? Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Wannan magana ta "arna ne" ita dillalan kayan tarihi ke rarrashin talaka da ita su miƙa masa diga. Ki dubi maƙabartun Bura a Nijar: an farfasa tukwanen binne mamata, an watsar da ƙasusuwa, gumakan yumɓun sun ƙare a shagunan Turai. Wasu kuma 'yan damfara sun ƙirƙiro labarin wani sinadari mai suna "jan makuri" da wai ake samu a maƙogwaron gawar fir'aunoni. Babu shi, ƙarya ce tsagwaronta, amma a kanta ake tona kaburbura, rami yana ruftawa da mutane.

Aikin ya sauya. A 2005 an sake binciken Tutankamun da na'urar hoton cikin jiki, ba a sa masa wuƙa ba. Ke ma in kin ci karo da ƙashin mutum a filin haƙa, ki tsayar da haƙa, ki rufe shi daga rana da idon 'yan kallo, ki sanar da shugaban aikin da hukumar gidajen tarihi, a zauna da dattawan garin kafin a ɗaga ko yatsa ɗaya.