Furosesa 20 daga Alaba, kuma surukinka ne zai zaɓo?

Tambaya: Malam, ina sayar da sifikoki da wufa da rediyo a Sabon Gari, Kano. Kwanakin baya wani Alhaji ya sa na haɗa masa kayan sinimar gida a falonsa, kuma abin da na samu a wannan aikin kaɗai ya fi ribar wata guda a shago. Wan matata yana Legas, yana shiga Alaba, babbar kasuwar kayan lantarki ta can. Ya turo mini hotunan na'urar da ake kira furosesa, mai rarraba sauti zuwa sifikoki biyar ko bakwai. Na hannu ne daga Amurka. Ya ce za a ba mu guda 20 a kan Naira dubu 180 kowace, ni kuma ina ganin zan sayar dubu 350. Jarina miliyan 5 ne. Wane samfuri ne mai araha kuma mai inganci da zan ce ya zaɓo mini?

Amsa: Malam, ko na faɗa maka sunan samfuri yanzu ba zai cece ka ba, don haka bari mu fara da inda ciwon yake. Za ka zuba miliyan 3 da dubu 600 daga cikin miliyan 5 a kan kayan da ba ka gani ba, ba ka ji ƙararsu ba, kuma wanda zai duba maka mutum ne da ba ka iya ɗaga murya a gabansa. Cinikin biri a sama ne wannan, kuma mai nuna maka birin surukinka ne.

Ban ce zai cuce ka ba. Na ɗauka ma mutumin kirki ne, alheri yake nufinka da shi. To amma ka amsa mini: ranar da kayan suka sauka Kano aka tarar bakwai ba sa magana, wa za ka kama? Da baƙo ne, sai ka kira shi ka ce kayanka ba su yi ba, ko ya canja ko ku haɗu a gaban shugabannin kasuwa. Wan matarka fa? Za ka kira shi, ku gaisa, ka tambayi iyali, ya ce ya kaya, ka ce alhamdu lillahi. In kuwa ka daure ka yi magana, kafin magariba zancen ya isa kunnen surukarka, ya tashi daga maganar kaya ya koma "ya ce ɗanmu ɓarawo ne". Asarar kuɗi daban, zaman gidanka daban. Mai kayan da ke Alaba kuma ya fi ku sanin wannan. Yana ganin mutum ya zo sayen abin da bai sani ba da kuɗin da ba nasa ba, ya san kakarsa ta yanke saƙa.

Akwai kuma tambayar da kunya ta hana ka yi: shi mene ne nasa a ciki? In kai za ka biya shi ladan wahalarsa, wakilinka ne. In la'ada zai karɓa daga mai kaya, to dillalin mai kaya ne, ko da kuwa bai lura ba. Dillanci ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ɗauki maganar dillali a matsayin shawarar ɗan'uwa.

Yanzu ga abin da ya nuna mini cewa daga kai har shi babu wanda ya san kayan nan. Furosesa ba ta tayar da sifika. Aikinta ta karɓi sauti irin na Dolby ko DTS, ta warware shi, ta ce wannan na gaba ne, wannan na tsakiya, wannan na baya, wannan na wufa. Shi ke nan. Ba ta da ƙarfin da za ta tura sifika da shi, sai an haɗa ta da amfilifaya daban mai hanya biyar ko bakwai, wadda sau da yawa kuɗinta ya kai na furosesar ko ya fi. Wadda ta haɗa aikin biyu a akwati ɗaya ita ce risiba, kuma ita ce mai neman araha ke saya a ko'ina a duniya. Ko a Amurka, inda kamfanoni irin su Emotiva da Outlaw Audio suka yi suna wajen ƙera furosesa mai sauƙin kuɗi, masu sayenta 'yan tsiraru ne da suka ƙware a harkar sauti. Kai kuma kana son tara 20 a Sabon Gari. Ka ce ya ɗauko maka hoton bayan na'urar, ba gabanta ba. In ka ga jerin maɗauran waya ja da baƙi na sifikoki, risiba ce. In ba ka ga komai ba sai ramukan jona waya, furosesa ce, kuma duk wanda ya saya zai dawo maka da ita washegari yana cewa ka sayar masa da matacciya.

Sai maganar wuta. Kayan da aka yi don Amurka bolt 120 suke sha, na Japan 100, mu kuma a nan 230 muke da shi, kamar Ingila. Na san wani ɗan kasuwa, mai hankali kuwa, da abokinsa ya turo masa irin waɗannan daga waje. Ya san da zancen wutar, har ya tanadi taransifoma mai rage ƙarfi. Ranar da ya fita sallar Juma'a wani ya zo taya, yaron shago ya ga kan wayar bai shiga soket ba, ya ɗauko adafta ya jona. Bai gane abin da ya faru da ta farko ba sai da ya gwada ta biyu. Wannan a shagon mai kaya ke nan. Ka ƙaddara a gidan mai saye, inda yara da 'yan aiki ke cire waya su mayar, ga wutar da ke hawa da sauka, ga janareto. Ko bayan wata shida ta ƙone, sunanka za a kira.

Shekarun na'ura ma abin dubawa ne, kuma hoto ba ya nuna su. Risibar da aka ƙera kafin wajen 2015 yawanci ba ta da kariyar HDCP 2.2, wato ba za ta wuce da hoton 4K na finafinan da aka kulle zuwa sabuwar talabijin ba. Dolby Atmos, tsarin sautin da ke kewaye mai sauraro har daga sama, sai a 2014 ya shigo na'urorin gida, don haka duk wadda ta girmi wannan shekarar ba ta da shi, komai kyawun fuskarta. Kuma akwai cutar da 'yan gyara suka sani: wasu risibobin Onkyo da aka yi tsakanin 2009 da 2012 sauti yakan ɗauke musu gaba ɗaya saboda wani ɗan guntun da ke kan allon lantarkinsu na ciki, har kamfanin da kansa ya buɗe shirin gyara na musamman a kai. Irin wannan na'urar tana kunnuwa, fitilarta ta kama, rubutu ya fito tas. Mai kaya zai jona ta a gaban surukinka ya ce ka gani, tana aiki. Shi kuma ya turo maka bidiyo.

Ka kuma tambayi kanka dalilin arahar. Dala da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,000 tun tuni, mai shigo da kaya kuwa da Dala ya saya, ya biya jirgi, ya biya kwastan. A kasuwar kayan lantarki na hannu ana raba kaya gida biyu, waɗanda aka gwada da waɗanda ba a gwada ba, kuma tun ana sauke kwantena masu ido suke tsince na kirki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu yi lissafin da ba ka yi ba. Mu ɗauka an yi sa'a, biyar kawai suka mutu. Miliyan 3 da dubu 600 a kan 15 ya zama dubu 240 kowace. Ɗora kuɗin mota daga Legas, da taransifoma, da rimot, tunda na hannu ba kasafai suke zuwa da nasu ba, sannan 'yar makirfo ɗin da Denon da Yamaha da Pioneer ke bayarwa don daidaita sauti da ɗaki ita ce farkon abin da ke ɓacewa. Ka ce dubu 280. Ribar dubu 170 da kake mafarki ta koma 70, in har an saya a farashin da ka yanka wa kanka. Wa ma ya ce maka dubu 350? Mutum nawa suka tsaya a shagonka bara suka tambayi irin wannan kaya? Wasiƙarka ta ambaci mutum ɗaya. In kana sayar da ɗaya a wata, kuɗinka zai yi wata 15 a kan kanta yana shan ƙurar hunturu, alhali wufar da ka raina tana fita kullum tana dawo da kuɗi. Miliyan 1 da dubu 400 da suka rage su ne za su riƙe shagon duk tsawon wannan lokacin, da haya, da yaro, da cefane.

Kuma ka fi ni sanin masu sayen kayanka. Ƙwallo suke kallo, da finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube, da wa'azi, da waƙa daga waya. Kusan duk wannan sautin hanya biyu ne, hagu da dama. Abin da suke nema ƙara ce mai kauri da Bluetooth. Kai da ke sayar da kwalin da aka rubuta wa wat dubu 5 alhali ka san abin da ke ciki bai kai ko kusa ba, bai kamata hoto ya ruɗe ka ba.

Na gaji da masu cin riba sau ɗaya su ɗauka sun gano rijiyar mai. Ka sake duba aikin Alhajin. Ba tara kaya ne ya ba ka wannan kuɗin ba. Shi ya fitar da kuɗinsa, kai ka kawo sani da hannu: ka zaɓa, ka ja waya, ka kafa, ka saita. Ba ka saka jarinka ba, ba ka kwana da kaya ba. Wannan ita ce sana'ar da ka tsinta, ita za ka riƙe. Ka nemi izininsa ka ɗauki hoton aikin, ka nuna wa masu gini da masu yin silin da masu kafa sola, domin su ke shiga sababbin gidaje kafin kowa. Wanda ya yi oda ya ba da kaso mai tsoka tun farko, sannan ka sayo.

In kuma lallai sai ka ajiye wani abu a shago don nuni, biyu ko uku sun isa, kada su wuce dubu 600 gaba ɗaya. Risiba, ba furosesa ba. Mai hanya 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya, domin falon da zai ɗauki sifika bakwai ba tare da uwargida ta yi ƙorafin wayoyi ba kaɗan ne. Wadda aka rubuta wa bolt 220 zuwa 240 a bayanta. Yamaha ko Denon ko Sony, saboda masu gyara sun saba da su. Kuma da ƙafarka za ka je Alaba. Ka tafi da wayar HDMI taka, wato mai kai hoto da sauti, da kwamfuta, da ƙaramar sifika ɗaya. Ka gwada kowace kafar HDMI, ka bi maɗauran sifika ɗaya bayan ɗaya da sautin gwajin da ke cikin saitin na'urar, ka bar ta a kunne kamar awa guda, don wasu sai sun ɗauki zafi suke nuna halinsu. Wanda ya hana ka wannan gwajin, ka bar masa kayansa. A rubuta lambar jikin kowace a rasit, tare da kwanakin da za a iya mayarwa.

Surukin naka kuma kada ka ce masa ba ka yarda da zaɓinsa ba. Ka fara yi wa maiɗakinka bayani, don kada ta ji daga bakin wani. Sannan ka kira shi ka yi godiya, ka ce kayan sabo ne a wurinka, kana so ka zo da kanka ka koye shi kafin ka saka kuɗi mai yawa. Ka sauka a wurinsa, ka kai tsaraba, ya raka ka kasuwa ya nuna maka layi. In daga baya shi zai riƙa ɗora maka kaya a mota, ku yanke ladansa a kan kowane kwali, daga aljihunka, kuma ka rubuta shi a littafin shago tare da sauran kuɗin da ke fita.