Tambaya da Amsa: Agogon aljihun kakana zai iya komawa na hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Kakanmu ne ya rasu ya bar wani tsohon agogon aljihu mai sarƙa, an rubuta Elgin a fuskarsa, ba ya cin batir wani ake yi masa, kuma har yanzu in an murɗa yana ɗan tafiya kafin ya tsaya. Na ga hotuna a Instagram ana ciro injin irinsa a sa a gidan agogon hannu. Abin gaske ne? Kuma ba zai lalace ba?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinsa. Kafin komai ɗan'uwa ka daina murɗa shi tukuna, man da ke ciki ya daɗe da bushewa, duk tafiyar da yake yi yanzu ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Abin gaske ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, ake liƙa wa ƙananan agogunan aljihu kunnuwa na waya a zura fata a ɗaura a hannu, don soja a cikin rami ba shi da lokacin laluben aljihu. Yanzu ma akwai kamfanin Vortic a jihar Colorado ta Amurka da wannan ce sana'arsa, har Hamilton, wani kamfanin ƙera agogo, ta maka shi a kotu wai yana sayar da agogo da sunanta a jiki, a 2020 kotu ta ba Vortic gaskiya saboda ba ya ɓoye wa mai saye cewa tsohon inji ne a sabon gida.

Kamfanin Elgin kuwa a jihar Illinois aka kafa shi a 1864. In aka buɗe murfin baya za ka ga lamba a jikin injin kansa, ba ta jikin murfin ba fa, da ita ake gano shekarar da aka ƙera shi a intanet.

To ga abin da za ka fara dubawa, ina ɗan kan da ake murɗawa yake? In mai murfi ne wanda ake dannawa ya buɗe, yawanci kan yana wajen ƙarfe 3, ƙaramin hannun sakan yana ƙasa wajen 6, wannan shi ne mai sauƙi don dama haka agogon hannu yake. In kuma marar murfi ne kan yana sama wajen 12, sai dai ko a bar shi a saman kamar yadda Vortic ke yi da yawancin nasu, ko a juya injin a yi masa sabuwar fuska sakan ya koma wajen 9, ni dai wannan ta biyun ba na sonta sam, don fuskar asali ita ce rabin darajar agogon, farar tangaran ce da aka gasa a kan tagulla, shi ya sa za ka ga ta haura shekara 100 ba ta koɗe ba, amma matsi kaɗan sai ta tsage kamar kwanon sha ya faɗi.

Sai girma. Injin da Amurkawa ke kira saiz 12 faɗinsa kusan milimita 40 ne, saiz 16 kuma 43, in aka ƙara gida sai ka ga abu ya doshi 46 zuwa 49. In tsintsiyar hannunka siririya ce ka yi tunani.

Babbar matsalar dai ita ce girgiza. Akwai wata 'yar taya mai lilo a ciki wadda ke bugawa sau biyar a sakan ɗaya, bakin sandar da take juyawa a kai bai fi kaurin gashi ba, kuma tsofaffin injinan nan ba su da ɗan sifirin ɗin kariya irin Incabloc da aka fito da shi a 1934. A aljihu yana zaune lafiya, a hannu kuwa ka buge ƙofa ko ka hau babur ka faɗa rami shi ke nan sanda ta karye. Ruwa ma ba ya so, dole ka cire in za ka yi alwala, ga ƙurar hunturu, ga maganaɗisun waya da sifika da ke sa shi gudu. Na zuwa ɗaurin aure ne da Juma'a, ba na zuwa kasuwa ba.

Shawarata, in gidansa na asali yana nan lafiya har da sarƙa, kar ka raba su. Masu wannan aiki na kirki marayun injina suke nema, waɗanda aka narkar da gidajensu na zinare da azurfa lokacin da farashi ya tashi. Ka nemi tsohon mai gyara da ya san agogon da ake murɗawa ya kwance shi ya wanke ya sa mai, ba mai canza batir na bakin titi ba. In ka nace sai ka mayar da shi na hannu, ka ce kar a yanke komai kar a huda, kuma ka karɓi tsohon gidan ka adana.

TAMBAYA: Malam nawa tsohon agogon lambobinsa na da wani fenti da ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, in goge da auduga?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: A'a Alhaji, kar ka taɓa, kar ma ka buɗe gilashin. Tun wajen 1910 har zuwa shekarun 1960 ana shafa fenti mai sinadarin radiyom don lambobi su yi haske da dare, hasken ya mutu amma gubar tana nan, sai an shekara 1,600 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi. Haɗarin yana wajen shaƙar garin ko ya shiga baki. Sa shi a leda ka ɗaure, ka ajiye nesa da yara da ɗakin kwana.

TAMBAYA: Ni ba ni da na gado amma tsarin yana burge ni, ya zan yi?
Wata mai karatu daga Kumasi

AMSA: Hajiya nemi agogo mai injin Unitas 6497 ko 6498, asalinsa na aljihu ne daga Suwizalan tun shekarun 1950, faɗinsa milimita 36.6, yana da kariyar girgiza kuma kayan gyaransa na samuwa. In kuɗin ya yi yawa akwai kwafinsa na Caina, Seagull ST36, ki zaɓi mai gilashi a baya yadda za ki riƙa ganin tayar tana lilo.