Amsa: wace manhaja ce ta dace da juye kaset zuwa kwamfuta?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Ka ce kana da kwali guda na kaset-kaset na VHS, na biki da suna da tafsirin azumi da mahaifinku ya naɗa daga talabijin, ka sayi 'yar na'urar nan ta EasyCap mai shigar da hoton na'urar bidiyo cikin kwamfuta, kuma kana so a zaɓa maka tsakanin OBS da manhajar da ta zo a faifan cikin kwalinta. Na daɗe ina wannan aiki, nawa da na mutane, bari in faɗa maka abin da na gani.

Manhajar faifan nan ka ajiye ta gefe. Tana matse hoton tun lokacin ɗauka, ba ta ba ka ikon gyara komai, kuma idan hoto ya tsallake ba za ta sanar da kai ba. Ni abin da nake amfani da shi AmarecTV ne ko VirtualDub, dukansu kyauta ne, na Windows. Dalilina ɗaya ne: suna ajiye abin da ya fito daga kaset yadda yake, matsewa kuma sai daga baya. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ɗaki ba lallai ne ya yarda a kunna shi sau uku ba, don haka ɗaukar farko ita ce ake so ta fita da kyau.

VirtualDub tsohuwa ce, fuskarta ba kyau, amma a gefen dama tana ƙirga maka hotunan da suka faɗi da waɗanda ta cusa don cike giɓi. Wannan ƙirgen shi ne idonka. In ka ga yana hawa, ka tsayar ka duba, kada ka jira awa uku ta cika. Matsalarta sauti. A wasu kwamfutocin, farkon fim komai daidai, amma kafin a kai wajen kamu sai ka ga bakin mai magana ya motsa, muryar ta biyo baya. Abin da ke jawo haka shi ne kaset ba ya gudu da sauri ɗaya cif, ga kuma agogon sauti da na hoto kowa da nasa. AmarecTV, wadda wani ɗan Japan ya rubuta, ta fi iya riƙe su tare, shi ya sa nake cewa sabon shiga ya fara da ita. Ko wacce ka ɗauka, ka sa wayoyin sauti, ja da fari, a jikin na'urar ɗaukar kanta, ba a ramin makirufon laftof ba.

Saitin ba shi da yawa. Najeriya tsarin PAL ake bi, don haka girman hoto 720x576, hoto 25 a daƙiƙa, sauti 48 kHz. Sai ka girka Lagarith ko Huffyuv, su ne suke rage nauyin fayil ba tare da zubar da komai ba. Duk da haka awa ɗaya za ta ci wajen giga 30, wani lokacin fiye, kaset E-180 guda, mai awa uku, kuwa zai kusa giga 100. Kada ka ɗauka kai tsaye a kan filashin da ke FAT32, domin fayil ba ya wuce giga 4 a kansa, sai aiki ya yanke a tsakiya.

In ka gama ɗauka, ka buɗe fayil ɗin a manhajar HandBrake ka mayar da shi MP4. A nan akwai wajen da mutane suka fi faɗawa rami. Hoton kaset rabi-rabi yake zuwa, layuka masu mara sannan masu cika, sau 50 a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin ta san yadda za ta haɗa su, waya da kwamfuta ba su sani ba, shi ya sa kake ganin gefen hannun mai rawa ya yi haƙora kamar mataji. A HandBrake ka zaɓi Bwdif ko Yadif, masu haɗa layukan, ka sa shi a Bob, ka fitar da 50 a daƙiƙa, motsi zai dawo sumul. Kuma ka bar hoton a 4:3. Ina jin haushin in ga an baje bidiyon biki ya cika allon zamani, amarya ta zama gajera mai faɗi, dangi suna cewa ashe haka take da ƙiba.

OBS fa? Ba na hana ta. Idan kaset ɗin ɗari ne, burinka kawai a tura wa 'yan uwa a WhatsApp, za ta yi maka aikin a zama ɗaya. Sai dai an gina ta ne don watsa shiri kai tsaye, da nata agogon take tafiya, tana iya maimaita hoto ko ta yar da shi a shiru. In ita za ka yi amfani da ita, ka mayar da allon aikinta 720x576 maimakon 1920x1080 da take zuwa da shi, ka danna dama a kan hoton ka kunna Yadif 2x, ka sa 50 a daƙiƙa, ka ɗauka a MKV. Wannan na ƙarshen don wuta ne: in aka ɗauke ana tsakiyar MP4 na yau da kullum, fayil ɗin duka kan lalace, MKV kuwa abin da aka ɗauka yana nan. Laftof tana da batir, na'urar bidiyo ba ta da shi, don haka ka jona ta a inbata in da hali.

Amma fa manhaja ba ta gyara abin da na'urar bidiyo ta ɓata. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016, duk wadda za ka samu tsohuwa ce. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don wata tauna take yi. Ka ɗaga kowane kaset ka leƙa ta gilashinsa, in ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kada ka saka shi, zai toshe hed ya shafa wa na bayansa. Ka karya ɗan harshen nan na bayan kaset don kada wani ya danna naɗa bisa kuskure. In saman hoto yana lanƙwashewa ko yana rawa, ba laifin kwamfuta ba ne. Maganinsa mai araha shi ne ka samo tsohuwar na'urar naɗa DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko ES15, ka bi da wayar ta cikinta kafin ta shiga na'urar ɗauka, tana miƙe layukan. Kaset-kaset na tafsiri su suka fi buƙatar wannan, domin da yawa a LP aka naɗa su don awa uku ta zama shida.

Idan wani kaset ya fito baƙi da fari, ka tambayi daga ina ya zo kafin ka zargi manhaja. Nijar da tsarin SECAM ta yi aiki, abin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi ko Damagaram sai na'ura mai karanta tsari da yawa. Na Amurka NTSC ne, 720x480.

Sauran abubuwan ba sa ma buƙatar ɗauka. Shirin da dikoda ta naɗa a filash fayil ne tuni, yawanci mai ƙarewa da .ts, kwafa kawai za ka yi, VLC ta buɗe. Na faifan VCD yana cikin MPEGAV, na DVD yana cikin VIDEO_TS. Ƙaramin kaset MiniDV kuwa da wayar FireWire da WinDV ake kwashe shi, giga 13 a awa, kada ka bi da shi ta waya mai kan rawaya in kana da zaɓi.

Ita EasyCap suna ɗaya ne a kan na'urori daban-daban. Wata ƙwaƙwalwar da ke cikinta UTV007 ce, wata STK1160, wata kuma ba ta ba da cikakken 720x576 ɗin ma, komai manhajar da ka ɗora mata. In da kuɗi, I-O Data GV-USB2 ko Hauppauge USB-Live2 sun fi ta nesa ba kusa ba. Ka jona taka, ka buɗe Device Manager, ka turo mana sunan da ta nuna da Windows ɗin da kake amfani da shi, sai in gaya maka direban da ya dace da ita. In kuma allon ya tsaya baƙi ƙirin a Windows 10 ko 11, ka fara duba izinin kyamara da makirufo a saitin sirri, sau da yawa shi ne a kashe.