Gwada sabuwar manhaja a kwamfutar gida: tambayoyinku da amsoshinmu

Tambaya: Kwamfutata tana da Microsoft Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, amma an ba ni shawarar in sayi manhajar tsaro ta kuɗi. In haɗa su biyun ne?

Amsa: A'a, Malam. Manhajojin tsaro biyu da ke gadi a lokaci guda kan yi rububin duba fayil ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ma ɗaya ta ɗauki 'yar'uwarta a matsayin cuta. Shi ya sa a Windows 10 da 11 Defender ke janyewa da kansa da zarar ka saka wata. Inda ake samun matsala shi ne kwamfutar da ta zo da manhajar gwaji tun daga kamfani. Cire ta tukuna, kuma ka yi amfani da magogi, wato manhajar cirewa ta musamman da masu ita suka ajiye a shafinsu, domin cirewar da aka saba takan bar ɓurɓushi. Kashe kwamfutar ka kunna, sannan ka saka sabuwar.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Gwajin kyauta yawanci kwana 30 ne, amma idan an nemi lambar katin banki, to wa'adi na cika za a cire kuɗi ba tare da an sake tambayarka ba, sai in ka kashe wannan tsarin tun farko. Don tabbatar da tana aiki, sauke fayil ɗin gwaji na EICAR: haruffa 68 ne kacal, ba ya cutarwa, amma an yi shi ne don manhajar tsaro ta kama shi. In ta yi shiru, mai yiwuwa gadin a kashe yake. A ganinmu Defender ya wadaci yawancin gidaje, muddin ana sabunta Windows.

Tambaya: Ina son in gwada Firefox, amma ina tsoron rasa abin da na adana a Chrome.

Amsa: Babu abin da za ki rasa, Malama. Burauza biyu na zama lafiya a kwamfuta ɗaya, kuma Firefox kwafe bayanan yake yi, ba ya ɗebe su. Sai dai idan kin fitar da kalmomin sirri a fayil ɗin CSV, a buɗe suke, kowa zai iya karantawa. Goge shi nan take, har daga kwandon shara.

Tambaya: Na saka Thunderbird, manhajar karanta imel a kwamfuta, sai saƙonnina suka ɓace daga wayata. Me ya faru?

Amsa: Da alama cikin hanyoyi biyu na karɓar imel, POP da IMAP, POP ka zaɓa. Shi POP sauke saƙonni yake yi zuwa kwamfuta, kuma yana iya goge su daga sabar, wato kwamfutar kamfanin imel ɗinka, wadda wayarka ke dubawa. IMAP kuwa a sabar yake barin su, kowace na'ura ta gani. Kada ka cire asusun POP ɗin yanzu, don mai yiwuwa kwafin da ya rage kenan. Hana shi ɗauko sabbin saƙonni, ka ƙara asusun a matsayin IMAP, tashar shigowa 993, ta fita 465 ko 587. Sannan ka kwafe saƙonnin zuwa akwatin IMAP kaɗan-kaɗan, misali 200 a lokaci guda, saboda tuli mai yawa kan katse a hanya. Sai ka gan su a waya kafin ka goge tsohon.